Rabi Nata, Rabi Na Baba

"Rauda, dube ni! Kina shan maganin nan ko ba kya sha?"

"Ina sha, Yaya Salmanu..."

"To me ya sa jininki ya ce ba kya sha?"

Ta sunkuyar da kai. A zauren gidansu suke, a Tudun Wada, bayan la'asar. Mahaifinta Malam Kailani mai wankin hula ne, don haka zauren cike yake da kawunan katako, kowanne da hularsa a kife tana bushewa. Tun tana ƙarama take ganin kamar sauraro suke yi. Yau kam ji ta yi duk sun juyo suna kallonta.

"Sau biyu ke nan ana auna jininki," in ji Salmanu. "Maimakon ƙwayar cutar ta kwanta, sai ƙaruwa take yi. Ke da bakinki kika ce ba za a ɗaura aurenmu ba sai ta yi barci, don kada ki shafa mini. Na ce na ji. Na jira. Ashe ni kaɗai nake jiran!"

"Kada ka faɗi haka..."

"In kin daina sona ki faɗa mini, Raudata. Wallahi zan iya ɗauka. Amma kada ki kashe kanki don ki rabu da ni."

Hawaye ya zubo mata. Da ƙanjamau aka haife ta, a wajen mahaifiyarta ta samo shi, kuma ita ta faɗa wa Salmanu tun ranar da ya fara zuwa zance. A ranar ya tashi ya tafi. Washegari ya dawo da balangu a takarda, ya ce ya kwana yana neman dalilin fasawa bai samu ba.

Mutumin nan ne yau ya miƙe, ya tura babur ɗinsa waje ba sallama.

Ta daɗe a zaune. Wani ƙadangare mai wutsiya biyu da ya shekara a zauren ya fito daga bayan hulunan, ya gyaɗa mata kai, ya koma.

*

Da gaske tana sha. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, rabi take sha.

A gidan nan akwai al'ada. Tun rasuwar Inna, mahaifiyarta, babu abin da ya shiga bakin ɗayansu bai rabu biyu ba. Ƙwai ɗaya, rabi-rabi. Dabino ɗaya, rabi-rabi. Ko goro aka ba Malam Kailani a wurin ɗaurin aure, sai ya sa a aljihu ya kawo gida, ya tsaga, ya ce, "Ungo naki, Mamana." Sunan mahaifiyarsa ta ci.

Shi ma yana da cutar. Duk Zariya babu wanda ya sani sai Rauda. Shekara da shekaru Funtuwa yake zuwa karɓar maganinsa, inda ba a san shi ba, yana cewa zare ya je saye. Rannan yana zaune a layi ya hango wani mutum a gaba sanye da wata zanna bukar ruwan toka. Bai ga fuskar ba, hular ya gane. Shi ya wanke ta da hannunsa. Ya tashi a hankali ya fita, bai sake komawa ba.

"Na san girman kan kowa a garin nan, Mamana," ya ce mata. "Kowa kuma ya san nawa. In aka gan ni a bencin nan, wa zai sake ba ni hularsa? Wa zai bari na tsaya kusa da shi a sahu?"

Da tari ya kama shi ya fara ramewa, ba wanda ya sa ta. Wata safiya ta ɗauko rezar da yake tsinke zaren hula da ita, ta ɗora ƙwayar maganinta a faranti, ta raba.

"Ungo naka, Baba."

Ya yi kuka, ya karɓa. Ya ce ta rufa masa asiri har ya koma ga Allah. Ta ce ta ɗauka.

A ganinsu ba su yi wani abin mamaki ba. Abin da ya ishi mutum ɗaya ai yakan ishi biyu, haka suka saba.

*

Bayan 'yan makonni aka kira ta asibiti. Da gwaji na biyu ya fito da muni, an sake ɗibar jininta an aika wani babban ɗakin gwaji a Abuja. Ba ta zaci Salmanu zai zo ba, amma tana isa ta same shi a jingine da babur, idanunsa ja.

"Fushi nake yi har yanzu," ya ce. "Rakiya kawai na zo."

Anti Keziya ce ta karɓe su, ma'aikaciyar jinyar da ta san Rauda tun tana goye. 'Yar Wusasa ce, mai ƙaramin gicciye a wuya da alawa a aljihu.

"Ango, zauna mana, kujerar ba ta cizo. 'Yata, matso kusa."

Ta cire tabarau ta goge.

"Gwajin da muka saba yi ƙirga ƙwayoyin cutar yake yi. Wannan kuwa karanta su yake yi. Kowace ƙwaya tana da wani dogon rubutu a cikinta, wanda yake gaya mata yadda za ta haifi irinta. Injin yakan ɗauki rubutun ya yi ta kwafa har ya yi yawan da za a iya gani, sannan ya bi shi harafi bayan harafi."

"Kamar hotokwafi," in ji Salmanu. Shagon kwafin takardu gare shi a Kongo, a bakin ƙofar makaranta.

"Yauwa! Kai ma ka san kwafi yakan fito da tabo."

"Musamman in ɗalibi yana tsaye a kaina yana cewa lakca ta fara."

"To ita cutar kullum cikin gaggawa take, kullum sai ta yi kuskuren harafi. Yawancin kurakuran kashe ta suke yi. Amma wani kuskuren yakan canza mata kama, magani ya zo ya wuce ta bai gane ta ba. In maganin yana da ƙarfi a jini, ba ta samun sukunin yin kwafin ma. In ya yi rauni..." Ta dubi Rauda. "'Yata, taki ta canza kama a wurare da yawa. Maganin da kika sha da ƙuruciya ya daina yi mata. Wanda kike sha yanzu ma ya daina."

Rauda ta ji ɗakin yana lilo. Ta ga ƙananan halittu a cikin jininta, kowace ta kifa sabuwar hula, suna wucewa ta gaban maganin suna gaishe shi.

"Na faɗa!" Salmanu ya buga cinyarsa. "Ta daina sha!"

"A'a, ango. Wanda ya daina gaba ɗaya ba kasafai cutarsa take koyon wannan wayon ba, don babu abin da take gudu. Wannan ya fi kama da na wanda yake sha, amma bai kai yadda ya kamata ba. Kuma yarinyar nan ba ta taɓa saɓa ranar karɓa ba." Ta kama hannun Rauda. "Ba zan matsa miki ba. Ga abin da ya rage: likita ya duba, akwai haɗi ɗaya da cutar ba ta sani ba tukuna. Shi za mu ba ki. In shi ma ta koye shi, ba ni da wani a cikin kabad ɗin nan. Kin ji ni? Ba ni da wani."

*

A ƙarƙashin darbejiyar bakin asibiti Salmanu ya tsaya, bai tada babur ba.

"Kina karɓa. Kwalba tana ƙarewa. Jininki kuma bai samu duka ba." Ya juyo ya dube ta. "Rauda... ranar da na kawo miki tsire, kin naɗe rabi a takarda."

"Yaya, don Allah..."

"Ranar da na saya miki lemo, kin sha rabi kin rufe."

"Na yi alkawari! Don girman Allah kada ka sa na faɗa!"

"Ba ki faɗa ba. Ni ne jakin da bai gani ba." Ya dafe kansa. "Innalillahi... tarin nan nasa. Ni kuwa ina ta kai masa zuma!"

Ta durƙushe tana kuka.

"In na hana shi zai mutu. In na ba shi zan mutu, kai ma na rasa ka. Ka gaya mini, wanne zan yi? Shi ya goya ni da zanin Inna, Yaya! Namiji, a cikin Tudun Wada, ana yi masa dariya!"

Salmanu ya tsuguna a gabanta.

"Rabin nan ba ya warkar da kowa, masoyiyata. Ke ba ki samu ba, shi bai samu ba. Cutar kawai kuke koya wa karatu, ku biyun."

"Zai ce na tona masa asiri."

"Zan zo da safe. Ba zan shiga ba. Ina waje."

*

Da safe Malam Kailani yana zaune a tabarma a tsakar gida, ya lulluɓa da bargo duk da rana ta fito. Ya ga sabuwar kwalba.

"An canza mana ne, Mamana?"

Mana. Kalmar ta soke ta.

Ta ɗora ƙwayar a faranti. Ta ɗauki rezar. Ya miƙo tafin hannunsa, busasshe, duk sabulu ya cinye zanensa.

Ta ajiye rezar.

"Baba... ba zan raba ba."

Bai janye hannun ba.

Ta faɗa masa duka: rubutun da ke cikin cutar, injin da ya karanta, haruffan da suka canza, da kabad ɗin Anti Keziya da babu komai bayan wannan. Yana saurare, bakinsa a ɗan buɗe.

"Wato har rubutu gare ta," ya ce a hankali. "Ikon Allah. Abin da ido ba ya gani, ga shi da rubutu... Kuma injin ya ga rabon da muke yi?"

"Ya ga alamarsa."

"Na ɓoye wa Zariya kaf, ashe yana rubuce a jinin 'yata." Ya dubi tafin hannunsa kamar na wani. "Rabin da nake karɓa, ashe ba magani nake karɓa ba. Kwanakinki nake ci."

"Ni na ba ka, Baba!"

"Ni kuma na karɓa. Sha. Sha ina gani."

Ta sha. Ƙwayar ta tsaya mata a maƙogwaro, ta bi ta da ruwa da hawaye.

"Yaron nan yana waje ko? Tun ɗazu nake jin tarin babur ɗinsa, ya fi nawa muni. Ɗauko mini hulata ta sallah."

Salmanu ya durƙusa har ƙasa da ya gan shi. Malam Kailani ya ce, "Tashi, ɗana. Ka bi da ni ta bakin kasuwa, kada ka yi kwana."

Haka suka ratsa Tudun Wada da hantsi, tsoho a baya ya riƙe kafaɗar saurayin 'yarsa, hular tana ƙyalli. A asibiti ya zauna a kan bencin da ya guje wa. Mutum biyu daga cikin masu jira, hulunan da ya wanke ne a kansu. Ɗaya ya kau da kai. Ɗayan ya matsa masa wuri, ya ce, "Malam, ina kwana? Ka ga tawa ta yi datti, sai na kawo."

Anti Keziya ta ɗebi jininsa da kanta. Ba ta tambayi komai ba, alawa ta sa masa a hannu. Ya sa a aljihu.

A ranar aka kwantar da shi, don tarin ya riga ya ci huhunsa.

*

Malam Kailani bai jira sakamakon ba. Wata Laraba da azahar ya kira Salmanu, ya kama hannunsa ya ɗora a kan na Rauda.

"Na ba ka. Amma ka sa ido... tana da halin rabo."

Kafin la'asar ya cika.

Da Rauda take naɗe rigarsa ta ji wani abu a aljihu. Alawar Anti Keziya ce, an gutsure rabi, an naɗe sauran a takardarta da kyau.

Sakamakonsa ya iso bayan sadakar bakwai. Anti Keziya ta ce tasa cutar ba ta yi wayon ta Rauda ba. Akwai magunguna har biyu da za su yi masa, da ya zo da wuri. Rauda ta ce ta gode, ta fita, ta zauna a ƙarƙashin darbejiya har inuwa ta bar wurin.

Masu huluna suka yi ta zuwa suna karɓar nasu. Kawunan katako suka rage tsirara a zaure. Ƙadangaren ma ba a sake ganinsa ba.

Da damina ta zagayo aka auna jininta, injin ya nemi cutar bai same ta ba. Cutar ta yi barci. Aka ɗaura aure ba kiɗa, ƙanen Baba ya yi walicci.

Safiyar farko a ɗakinta, Salmanu ya shigo da kofin ruwa ya same ta zaune a bakin gado. Ƙwayar tana kan faranti, ita kuma tana ta lalube a gefen katifa, ba ta ma san abin da take nema ba.

"Babu reza a gidan nan, amarya," ya ce a hankali. "Har gemu na bari saboda ke."

Ta yi dariya, dariyar ta karye ta zama kuka. Ya zauna kusa da ita, ya ɗauki ƙwayar ya sa mata a tafin hannu, ya rufe da nasa.

"Komai na duniya za mu raba, Raudata. Ban da wannan."

Ta dubi ƙofa, kamar mai jiran wani ya miƙo hannu.

Babu wanda ya miƙo.

Ta haɗiye ta duka.