Tuffar Onasima da Yatsun Magini

Tulun mai ne ya fashe a gidansu, shi ya kai Onasima rumfar magina ranar kasuwar garinmu Tesbiya. Ta shiga tana mita, sai ta tarar da wani saurayi zaune ya duƙufa kan wata randar biki yana zana Eros, abin bautarmu mai harbin zukata, da fukafukai da kwari da baka.

"Wannan mai kumatun ne Eros?" in ji ta. "Ai ko ɓera ba zai harbe ba."

Saurayin ya ɗago. Kai, gara ma bai ɗago ba! Alƙalamin zanen ya suɓuce masa, ita kuma ta nemi abin da ya kawo ta ta rasa.

"Ya harba," ya ce a hankali. "Yanzun nan ma."

Sunansa Kafisiyas. Daga ranar tukwanen gidan su Onasima suka shiga uku, kusan kowane mako sai ɗaya ta fashe. A cikin kowace sabuwa kuwa akwai tsingaro da rubutu a jikinsa.

"Zumata, yau na zana mata bakwai, dukansu da hancinki suka fito."

Ita ma ta kankara nata da tsinken gashi: "Sarkin laka, ka bar hancina ya huta. Ka zo ka ga Baba."

Ya je. Mahaifinta Minasiyas tsohon ɗan kokawa ne, kunnuwansa duk sun murɗe don shan duka, yanzu kuma yana cikin alƙalan fage. Ya kama hannun Kafisiyas ya jujjuya shi.

"Da wannan za ka tsare min 'ya? Hannun da ko kanta babu? Tashi ka ba ni wuri."

Onasima ba ta da haƙuri, wannan kowa ya shaida. Da bikin Eros ya zagayo, gari ya cika maƙil a gaban dutsen da ake bauta masa, sai ta yanke shawarar yin abin da uba ba ya iya sokewa. A wurinmu in mace ta jefi namiji da tuffa a bainar jama'a ya cafe, magana ta ƙare. Ta zaɓi ja jawur, ta hango Kafisiyas can gefen maroƙa, ta wurga da iya ƙarfinta.

Wani hannu kamar faranti ya miƙe a tsakani ya cafe.

Tarason ne, zakaran kokawar a-yi-ta-ta-ƙare, wanda ake wa kirari da mai karya yatsu. Sau biyu yana neman Onasima tana korarsa. Ya ɗaga tuffar sama, ya gatsa, ruwanta na bin gemunsa.

"Kun gani dai! Da hannunta ta jefo min!"

"Ƙarya kake, ƙaton banza!" Ta yi kukan kura ta yakushe shi a fuska har jini ya tsatso. Ya hankaɗe ta ta faɗi kan duwatsu, goshinta ya fashe. Amma wa ya ji ta? Ihu da tafi sun cika wurin. Da ta ɗago tana share jini, Kafisiyas ba ya nan.

Washegari tsingaro ya iso ba tare da tukunya ba: "Na taya ki murna. Kin zaɓi hannun da Babanki yake so."

Ranta ya yi mugun ɓaci. Ta nufi rumfarsa kai ɗaure da tsumma, ta ɗauki randa mafi kyau ta rotsa a gabansa.

"Kai makaho ne? Dubi goshina! Wannan ya yi maka kama da na amarya?"

Ya dubi jinin da ya ɓullo ta tsumman. "Shi ya yi miki haka?"

"Ni kai na jefa, wawa. Kai kaɗai."

A gida Minasiyas ya zauna ya rafka tagumi. "Ba zan tura ki gidan wanda ya zubar miki da jini ba, 'yar nan. Amma gari ya ga tuffa a hannunsa. Muddin bai sake ki ba, babu mai aurenki har ki tsufa. Sai dai wani ya ƙwato ki a fagen kokawa." Ya yi tsaki. "Wa zai shiga? Mai zanen nan?"

Mai zanen kuwa ya riga ya kai sunansa.

Onasima ta aika masa: "Kada ka shiga. Zai karya maka hannu, da me za ka yi zane? Na yarda in zauna haka."

Amsa ta dawo gajeriya: "Ni ban yarda ba, Zumata."

Dokar fagen ba ta da yawa. Duka da shuri da shaƙa duk an yarda, cizo da ƙwaƙule ido ne kawai haram. Wanda ya ji wuya ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya sallama ke nan.

Rana ta take, aka shafe Kafisiyas da Tarason da mai, suka shiga yashi. Onasima ta kutsa har bakin igiya, matan da ke jan rigarta suka gaji suka ƙyale ta.

Naushin farko ya fasa wa Kafisiyas hanci. Na biyu ya zubar masa da haƙora biyu. Tarason ya sure shi ya maka da ƙasa, ya danne masa baya da gwiwa, ya murɗo hannunsa na dama.

"Ɗaga na hagu, ɗan laka. Ɗaga ka koma wa tukwanenka."

Kafisiyas ya cusa hannun hagu ƙarƙashin cikinsa ya kwanta a kai.

Ƙas! Ɗan yatsan farko. Ƙarar ta kai har kunnen Onasima.

"Ɗaga!"

Ƙas! Na biyu. Kafisiyas ya kurma ihu, ya cika bakinsa da yashi.

"Kafisiyas, ka ɗaga!" Muryarta ta dushe don kuka. "Na roƙe ka, ka ɗaga! Na yafe auren!"

Ya juyo da fuska, jini da yashi sun rufe ta, ya girgiza mata kai.

Na uku ya tafi, na huɗu ya bi. Fage ya yi tsit, masu yi wa Tarason kirari duk sun yi gum. Da ya kama babban yatsan, wanda ke riƙe alƙalamin zane, sai ya dakata.

"Wannan ne abincinka. Ka ce ni ta jefa, in bar maka shi."

"Ni ta jefa," in ji Kafisiyas.

Ya karya shi. Ya tsaya yana haki, yatsu sun ƙare, mutumin bai sallama ba. Wata tsohuwa ta yi masa ihu daga baya, "Kunya dai, ƙato! Magini ya gagare ka!" Dariya ta ɓarke. Nan Tarason ya haukace. Ya birkito Kafisiyas, ya kafa masa babban yatsa a ido.

Bai kai ga dannawa ba sandar alƙali ta sauka a wuyan hannunsa. Minasiyas ne. Ya sake zabga masa a fuska, ya ƙara a haƙarƙari, bai daina ba sai da sandar ta tsage biyu, sauran alƙalai suka rirriƙe shi.

"Ya taɓa ido!" ya daka tsawa yana huci. "Ya faɗi! Ku ja shi waje!"

Onasima ta tsallake igiya ta zube a yashi, ta ɗora kan Kafisiyas a cinyarta. Ta dubi hannun, ta kasa dubawa sau biyu.

"Me ya sa, Sarkin laka? Me ya sa?"

"Kin fasa min randa," ya ce da ƙyar. "Na ji tsoron ki dawo."

Ta yi dariya cikin kuka. Minasiyas ya durƙusa kusa da su, ya tallafi hannun nan da tafukansa biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Na raina hannun nan, ɗana. Ka yafe min. Na ba ka ita."

Sai da sanyi ya wuce aka yi bikin. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma yatsun sun warke a sandare, ba sa lanƙwasawa. Zane dai ya ƙare, yanzu Kafisiyas na koyon murza laka da hagu.

Da la'asar aka ɗauko amarya a amalanken shanu, ana waƙa ana watsa musu ɓaure da goriba irin tamu. A ƙofar gidan ango aka zare itacen da ke riƙe da ƙafafun amalanken aka cinna masa wuta, yadda muke yi don amarya ta san ba ta da abin komawa. Saura ango ya kama wuyan hannunta da damansa ya shigar da ita.

Kafisiyas ya miƙa hannun. Ya yi, ya yi, yatsun suka ƙi rufuwa. Mutane suka fara sunkuyar da kai, shi kuma gumi ya karyo masa.

"Ba zai kama ba, Zumata," ya raɗa mata.

Onasima ta ɗora wuyan hannunta cikin tafinsa, ta rufe da ɗaya hannun nata, ta matse gam.

"Ya kama," ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ja ni mu shiga."

Mata suka rangaɗa guɗa. Minasiyas ya ɗaga hannu yana sa albarka: zaman lafiya, 'ya'ya masu yawa, tsufa a ɗaki ɗaya. Jama'a suka amsa baki ɗaya, ango ya ja amaryarsa suka tsallake bakin ƙofa.