Siginar Baba da Tattasan Kawu Radoye

A ƙauyenmu, kusa da garin Leskovac, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Babanta yana da tsohuwar mota ruwan toka. Fitilun bayan motar sun dushe. In ya taka birki, da ƙyar ake ganin hasken.

Kaka ce ta fara yi wa Baba mita. "Milorad, sanyi na tafe, rana za ta riƙa faɗuwa da wuri. Wata rana wani zai hau mu ta baya."

Ranar Asabar Baba ya dawo daga gari da kwali. Sababbin fitilu ne a ciki.

"Ba za ka kai wa bakanike ba?" in ji Mama.

"A kan 'yan wayoyin nan? Da kaina zan sa."

"Haka ka ce ranar da ka gyara famfo. Har yau bangon bai bushe ba."

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya kwance tsofaffin fitilun, ya haɗa wayoyi, ya naɗe su da baƙin salatif. Da ya gama, ya kira 'yarsa.

"Tsaya a baya. Zan shiga in gwada. Ke ce idona yau."

Ya taka birki. Fitilun suka kama, ja jawur.

"Sun yi, Baba! Sun yi kyau!"

Daidai nan ƙawarta Teodora ta leƙo ta shinge, rungume da ɗan kwikwiyo. Yarinyar ta ruga wurinta.

"Siginar hagu fa?" Baba ya ɗaga murya daga cikin mota.

"Ta yi!" ta amsa, tana shafa kan kwikwiyon.

"Ta dama?"

"Ita ma ta yi!"

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Washegari da safe suka ɗauki Kaka za su kai ta gidan ƙanwarta. A bayansu akwai maƙwabcinsu, Kawu Radoye, da motarsa ta kaya. Ya cika ta da buhunan tattasai, zai kai kasuwa.

Da suka iso kwana, Baba ya ba da siginar hagu, ya rage gudu. Sai ga Kawu Radoye ya fito ta hagun zai wuce. Baba kuwa ya riga ya fara juyawa.

Birki ya yi ƙara. Kawu Radoye ya kauce, motarsa ta gangara cikin kwata. Ƙofar baya ta ɓalle, buhuna suka fashe, tattasai ya watsu a kan titi.

Kaka ta dafe ƙirji.

Kawu Radoye ya fito yana riƙe da goshi. Wurin ya kumbura.

"Milorad! A kasuwa ka sayi lasisin nan ne?"

"Ni? Ai na ba da sigina! Ko barci kake yi?"

"Ka ba da ta dama, ka shiga hagu! Ni boka ne da zan san abin da ke ranka?"

Baba ya kunna siginar hagu, ya zagayo baya. Ta dama ce ke ƙiftawa. Ya tsaya yana kallo.

"Amma jiya mun gwada, lafiya lau," ya ce. "To, kayan ne na banza. Gobe mai shagon nan zai ji daga bakina."

Yarinyar ta kalli goshin Kawu Radoye. Ta tuna mai shagon, wanda bai yi komai ba. Idonta ya cika da hawaye.

"Baba," ta ce a hankali, "ban duba ba."

"Me?"

"Birki kawai na gani. Sauran ina wurin Teodora. Na dai ce sun yi."

Baba ya ce, "Da babbar mota ce a bayanmu fa?"



Ya juya ga maƙwabcinsa. "Ka yi haƙuri, Radoye. Ni na haɗa wayoyin a juye. Kuma ya kamata in fito in gani da idona."

"Ka yafe mini, Kawu," in ji yarinyar.

Kawu Radoye ya yi tsaki, sannan ya nuna titi. "Haƙurin sai an jima. Tsince mini tattasaina tukuna."

Duk suka duƙa, har da Kaka. Wani mai tarakta ya zo ya jawo motar daga kwata.

Da suka koma gida, Baba ya sake haɗa wayoyin. Wannan karon yarinyar ta tsaya cak, tana nuna kowace fitila da yatsa kafin ta amsa.

Tattasan da ya farfashe ba zai sayu ba. Baba ya karɓe shi duka ya biya. Mama ta ce sai a yi ajvar da shi, wato markaɗaɗɗen gasasshen tattasai da ake shafawa a burodi. Aka hura wuta a tsakar gida aka gasa. Ɓare bawon kuma aka ba yarinyar, tun rana na tsaka har yamma. Yatsunta suka yi baƙi, bayanta ya ƙage.

Da ajvar ya dahu, ita ta kai wa Kawu Radoye babbar kwalba. Ya shafa a burodi, ya ci, ya gyaɗa kai.

"Ya yi gishiri daidai?" ya tambaye ta.

"Ban sani ba, Kawu. Ban ɗanɗana ba."

Ya fashe da dariya, ya yanko mata burodi. "Yauwa, 'yata! Haka ake yi. In ba ki gani ba, ki ce ba ki gani ba. Wanda ya tambaye ki, da maganarki zai yi aiki."

Tun daga ranar, ba ta ƙara ba da shaida a kan abin da ba ta duba ba.