Ranar da Auta Ta Yi Tafinta

Ƙawata, ajiye wayar nan ki matso, labarin Auta zan ba ki.

Tun da hantsi ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share falo, ta sake sharewa, ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi har ya ƙafe. Ranar ce mahaifiyar Dogo, saurayin da ke neman aurenta, za ta zo gaishe da Inna, uwar Auta, ga shi Inna ta riga ta ce ita ba ta ga wurin zaman wannan aure ba.

Dogo dai ba shi da abin kushewa. Yana da shagonsa na gyaran keken ɗinki, sallah ba ta wuce shi. Matsalar mahaifiyarsa ce, baƙuwa daga wata ƙasa mai nisa, wadda ko "zo in kashe ki" ba ta ji da Hausa, sai yarensu da Faransanci. Ita kuwa Auta a sakandare ta koyi Faransanci, lokacin da ƙawayenta ke gudun ajin, Inna ma na mata tsiya wai yaren masu mura ne, me za a ci da shi. A kantin maganin da Auta take aiki suka haɗu da mahaifiyar Dogo. Tsohuwar na nuna ƙirji tana bayani, ma'aikata sun yi cirko-cirko, sai Auta ta amsa mata. Ta riƙe hannun yarinyar ta ƙi saki har Dogo ya zo ya same su a haka.

Yanzu kunya ba za ta bar Dogo ya zauna gaban Inna ba, don haka Auta ce tafinta. Yayarta ta ja ta kicin tana raɗa.

"Ke dai ba ki da wayo. Inna ta ce baƙi, ki ce fari, wa zai kama ki? Filis ki rage tenshan ɗin nan."

Auta ta ci gaba da jera kofunan shayi. Zuciyarta na son shawarar, amma ta tuna malamarsu da ke cewa tafinta bakin wani aka ba shi aro, kuma aro amana ne.

Gaisuwa ta tafi lafiya, har da 'yar dariya. Sai Inna ta gyara mayafi.

"Faɗa mata ba ƙin ɗanta nake ba. Amma ba zan kai 'yata inda in an ɓata mata rai ba ni da bakin tambayar dalili ba. Matar da ban iya ce mata ina kwana ba, ta yaya zan ce mata ki ji tsoron Allah?"

Yaya na bakin ƙofa tana ƙifta ido. Auta ta fassara duka, ba ta rage ko wasali ba, hawaye na bin kumatunta.

Tsohuwar ta ajiye kofin shayinta. Ta ce Inna ta fi ta gaskiya. Ita ma nesa aka kai ta aure, cikin mutanen da uwarta ba ta jin yarensu, har uwar ta rasu ba ta san ko 'yarta na jin daɗi ba. Tun da ta biyo ɗanta nan, maƙwabta ke mata kallon mai girman kai, alhali bakinta ne ke ɗaure. Ta ce in Inna ta hana, ba za ta ga laifinta ba, da ita ce ma da ta hana.

Wannan ma Auta ta fassara.

Inna ta zuba mata ido. "Har wannan ta ce, kuma kika faɗa mini?"

Daga nan aka yi sallama.

Kwanaki suka yi ta tafiya ba e ba a'a. Auta ta rame, Yaya na mata gorin ta kashe aurenta da bakinta. Dogo ya kira yana cewa ko su nemi manya su sa baki, ta ce ya yi haƙuri, Inna ba a tura ta. Ita ma Innar ba ta zauna lafiya ba, ta shiga ɗaki ta fito, carbi a hannu.

Wata safiya suna kicin, Inna na juya tukunya, ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce:

"Wannan yaren naku na masu mura, yaya ake cewa na ba ki amana?"

Auta ta durƙushe a wurin tana kuka. Inna ta ce ta tashi ta daina shirme, ita da bakinta take son faɗa wa matar, ba ta son ɗan aike.

Kin ji, ƙawata. Ilmin da aka raina a aji shi ya buɗe ƙofar, amma gaskiya da haƙuri ne suka shigar da ita. Kada ki hana yaronki koyon yaren kowa, ba ki san bakin da zai roƙa masa alheri ba.

Sai dai don Allah ki bar shi a cikinki. Inna kullum bayan la'asar tana rufe ɗaki tana biya darasinta ta hanci, kuma ba ta son a sani.