An Gano Mai Kashe Mana Wuta

Ke ƙawata, yau dai an wanke ni! Matso in ba ki labari kafin a kaɗa ƙararrawa.

Kin san yadda nake zuwa makaranta da riga a yamutse, ana ta yi mini dariya? To, ga dalili. Kullum da safe, da na jona dutsen guga, sai wutar gidanmu ta ɗauke ɗif. Babban makunnin nan na cikin akwatin bango ne yake faɗuwa. Har Yaya ya raɗa mini suna, wai Mai Hannun Duhu. Mama kuwa ta hana ni guga gaba ɗaya.

Jiya dai na ce sai na goge rigata. Na lallaɓa na jona. Wuta ta ɗauke. Maimakon in kira Mama, sai na jawo kujera na hau. Hannuna ma bai bushe ba, daga wanke kofuna nake. Na ɗaga makunnin, ya faɗi. Na sake ɗagawa. Sai na ji ɗas, na ga tartsatsi. Ban san lokacin da na faɗo ba. Dubi gwiwata.

Mama ta fito da gudu, ta rungume ni.

"Da jiƙaƙƙen hannu? So kike ki kashe ni da raina?"

Baba ya ce kowa ya bar wutar a kashe, ya kira mai gyara.

Da mai gyaran ya zo yau da sassafe, ya ce mini, "'Yata, makunnin nan mai gadinku ne. In ya faɗi, wani abu ya hango. Ba a yi masa dole."

Ya sa aka zare komai daga soket, sannan aka riƙa jonawa ɗaya bayan ɗaya. Firji lafiya. Fanka lafiya. Aka zo kan dutsen guga. Lafiya lau!

"Saura me?" in ji Baba.

Yaya ya fara sosa ƙeya. "Babu komai fa. Sai dai 'yar hitar da nake ɗumama ruwan wanka."

Ashe a bayan ƙofar banɗaki yake ɓoye ta. Wayarta duk ta tsattsage, ya naɗe da leda. Kuma daidai lokacin da nake guga yake tsoma ta a bokiti. Ana jonawa, makunni ya faɗi.

Baba ya dube shi. "Sannu, Mai Hannun Duhu."

Har Mama sai da ta yi dariya. Mai gyara ya yanke wayar hitar, ya ce ba don makunnin ba, da wata rana Yaya zai sa hannu a bokitin nan wuta ta ja shi.

Ni dai na koyi darasi. In wuta ta ɗauke, babba zan kira. Ba zan ƙara taɓa kayan wuta da jiƙaƙƙen hannu ba. Abin da ya lalace kuma, a nuna wa mai gyara, kada a ɓoye.

Ga mai daɗin: Yaya ya ba ni haƙuri, ya ce shi zai riƙa goge mini kaya har a yi hutu. Don Allah kada ki faɗa wa kowa tukuna. Bari in shigo aji gobe da rigata tana ƙyalli, masu yi mini dariya su tambaya da bakinsu.