Abin Da Ya Gani a Gilashinta

A shagon gyaran na'urorin wasa suka fara haɗuwa, wani ɗan ɗaki a hawa na biyu inda wayoyi ke lilo har a jikin ƙofa. Ita ta kawo allon zanenta da ya daina jin alƙalami. Shi kuwa ba abin da ya kawo sai bakinsa.

Yana tsaye yana yi wa mai gyara bayani, hannu na tashi sama, wai kamfanin nan mai wasan tseren motoci zai fitar da kashi na huɗu bana, har da babura. Ta gyara zaman gilashinta, ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

Ya juyo. "Malama, dariyar fa?"

"Ba komai. Yadda kake magana ne, kamar da kai aka yi taron."

"Ai sana'ata ce. Ni ne Mai Hasashe, ina da tasha a intanet. Abin da kamfanonin wasa ke shiryawa nake hangowa kafin su faɗa."

"Na san ka. A ofis mukan kunna ka idan mun gaji, mu sha dariya."

Sai da ya ga katin da ke rataye a wuyanta ya gane a wannan kamfanin take aiki. Kunya ta rufe shi, amma bai bar shagon ba sai da lambarta. Fensir ake kiranta, don ko abinci take ci akwai fensir soke a bayan kunnenta.

Tun ranar farko ta gindaya masa sharaɗi. "Ka tambaye ni komai, ban da aikina. Na sa hannu a takarda cewa ba zan faɗa wa kowa ba."

"Wallahi ko kin yi mafarki kina faɗa, zan toshe kunnena," in ji shi.

Kuma, a gaskiya, wata takwas ya cika alkawari. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashinta: "Fensirina, Allah Ya sa kin tashi lafiya. Yau na hango za ki yi kewata sau bakwai." Ita kuma ta mayar: "Sarkin gulma, wannan ma ka faɗi. Sau tara ne."

Abin da bai sani ba shi ne kamfanin ya gaji da motoci. Shekara uku ke nan Fensir tana zana wata tsohuwa mai tuƙa kwalekwale a garin da ruwa ya cinye, tana bin muryoyin maƙwabtanta gida-gida. Babu tsere, babu harbi. Mutum uku kaɗai suka san da ita: Oga, wato shugabansu a ofis, da Injiniya mai haɗa injin wasan, sai ita. Kuma karon farko ke nan da za a rubuta sunanta a matsayin shugabar masu zane.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, tsohon malamin lissafi, ya ajiye jaridarsa ya kalle ta.

"Mutumin da abincinsa faɗin abin da bai tabbatar ba? Ke kuma abincinki riƙe sirri. Ni dai na haɗa lissafin nan, bai fita ba."

"Baba, bai taɓa tambayata ba."

"Ban ce ya tambaya ba, 'yata. Hali nake tsoro."

Injiniya ma, wanda ya daɗe yana ajiye mata shayi a tebur ba tare da ya iya furta komai ba, ya ce mata, "Ki yi hankali da shi. Ba ke yake so ba, abin da ke kan allonki yake so." Ta ɗauka kishi ne, ta share shi.

Wata Alhamis da rana saƙo ya shigo: "Fensirina, kwana uku ban ga fuskarki ba. Ko hoto ɗaya ki taimaka wa bawan Allah."

An koya musu a ofis cewa kada allon kwamfuta ya fito a bayanka idan za ka ɗauki hoto. Don haka ta fuskanci allon, bango ya koma bayanta, ta yi murmushi ta ɗauka. Ta rubuta a ƙasa: "Ga ni nan, taka kai kaɗai."

To, Mai Hasashe shekara shida yana buɗa hotuna da yatsu biyu yana neman abin da aka ɓoye a lungu. Yatsun suka yi aikinsu kafin ya yi tunani. Ga ta nan a cikin gilashin Fensir, 'yar ƙarama amma tar: tsohuwa a kwalekwale, da jar laima mai faci. Ya kife wayar da sauri, ya ce a ransa bai ga komai ba.

Ran Asabar aka gayyace shi hira kai tsaye da wani abokin hamayyarsa. Mutumin ya yi ta masa shaƙiyanci, wai hasashensa uku a jere sun sha ƙasa, gara ya koma sayar da caja. Masu kallo suna ta turo dariya. Zuciya ta ɗebe shi.

"To ku rubuta," ya ce. "Babu mota ko ɗaya. Tsohuwa ce a kwalekwale, da jar laima mai faci. Hasashe ne kawai."

Wai hasashe. Shi kansa bai yarda da bakinsa ba.

Ran Litinin Oga ya tara ma'aikata ya kunna bidiyon hirar. Ya ce, "Laimar nan ko ni sai ran Juma'a na gan ta. Daga teburin wa ta fita?"

Fensir ta miƙe. "Na rantse ban faɗa masa ba, kuma ba zai taɓa yi mini haka ba. A tambayi wanda ke zama kusa da ni, wanda ya daɗe yana neman raba mu."

Injiniya, wanda shi take nufi, ya sunkuyar da kai. Duk da haka ita aka dakatar. Aka karɓe katinta a gaban kowa, aka ce sunanta ya fita daga aikin har sai an gama bincike.

Ta tura masa saƙo daga bakin titi: "Masoyi, an yi mana sharri. Wani ya ba ka labarin don a ɓata ni. Ka zo ka faɗa mini ko wane ne."

Ya same ta a barandar gidansu. Bai zauna ba.

"Ba wanda ya ba ni," ya ce. "A hotonki na gani. A gilashinki."

Ta kalle shi. Da ta yi magana, muryarta a kwance take, kuma hakan ya fi ihu ciwo.

"Fuskata na turo maka. Na yi maka murmushi. Kai kuma ka tsallake idona ka leƙa bayansa."

"Fensirina, ba da niyya..."

"Kada ka sake kirana haka. Ganin ba da niyya ba ne, na yarda. Faɗin fa? Kwana biyu kana da shi a ciki, kana turo mini saƙon safe. Yau na rantse a kanka a gaban mutane, na ɗora wa bawan Allah laifin da bai ji ba bai gani ba. Ka mayar da ni maƙaryaciya."

Ta shiga ta rufe ƙofa. Mahaifinta yana falo, ya ji komai, amma bai ce ai na faɗa miki ba. Matsawa ya yi ta zauna kusa da shi, ta yi kukanta.

Washegari Mai Hasashe ya tafi kamfanin da ƙafarsa, ya buɗa wa Oga hoton ya nuna masa. Ya nemi Injiniya ya roƙe shi gafara. Sannan ya yi bidiyo na minti biyu, babu kiɗa babu wasa, ya ce ba hasashe ya yi ba, sata ya yi, kuma a wurin wadda ta amince da shi. Daga nan ya rufe tashar, ya koma koyon aiki a shagon mai gyara.

An mayar da Fensir bakin aiki, amma aikin gama ya gama. Masoya tsere sun yi ta hayaniya a intanet suna neman motocinsu, manyan da ke bayan kamfanin suka tsorata, aka soke wasan tsohuwa gaba ɗaya. Shekara uku suka tafi a banza. Ta koma zana tayoyi da fitilun mota, sunanta can ƙasa a cikin jerin mutum goma sha biyu. Ita ma ta je ta ba Injiniya haƙuri, ya ce ya wuce, amma shayin bai sake zuwa teburinta ba.

Wata huɗu ba ta amsa masa ba. Sau ɗaya yake rubutowa a mako, kuma bai taɓa kare kansa ba. Na ƙarshe cewa ya yi: "Ban cancanci amsa ba. Ina dai so ki sani har yau ina jin kunyarki, kuma har yau ina sonki."

Mahaifinta ne ya gaji da ganin tana juya abinci a faranti. "Ni ban so shi ba," ya ce. "Amma wanda zai tsaya gaban dubban mutane ya ce ni ɓarawo ne, alhali ba wanda ya kama shi, ban cika ganin irinsa ba. Shawara taki ce."

Ta same shi a shagon, ya duƙufa a kan wata na'ura da ƙaramin sukundireba. Da ya gan ta sai abin ya suɓuce masa.

"Ba don na huce na zo ba," ta ce. "Tsohuwata ba za ta dawo ba, kuma kai ka kashe ta. Akwai ranar da zan tuna in ƙi yi maka magana, ko bayan shekara goma ne. Za ka iya zama da wannan?"

"Zan iya."

"Ba hasashe nake tambayarka ba."

"Na sani," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. "Zan iya."

Ta ja kujera ta zauna. "To, sai ka je ka ga Baba. Ka sa riga mai kyau, wannan duk maiƙo ce."

Bayan wata biyu aka ɗaura auren, taro ɗan kaɗan, 'yan uwa da abokan aiki, har da Oga da mai gyara. Da za su tafi gidansu, mahaifinta ya haɗa hannuwansu a cikin nasa, ya kalli angon sosai.

"Ga amana nan karo na biyu," ya ce. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ku zama masu rufa wa juna asiri."

Kowa ya ce amin. Ango ya buɗe baki, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, amma murya ta ƙi fita. Amarya ta matse hannunsa, ta faɗa a madadinsu su biyu.