Minti Bakwai A Kowace Kilomita

Akwai wata yarinya a Madina mai son gudu. Tana ajin ƙarshe a sakandare. Gidansu yana unguwar Sultana, a saman shagon gyaran firiji inda babanta yake aiki.

Malamarsu ta motsa jiki, Ustaza Najwa, tana da ƙungiyar 'yan mata masu gudun fanfalaki. Gudu ne mai tsawo, kilomita arba'in da biyu. Ustaza ta ce za a yi gwaji idan sanyi ya shigo. Duk wadda ta gama kafin awa huɗu su cika, za a tafi da ita babbar gasa.

Yarinyar ta sa gasar nan a ranta.

A ranar farko Ustaza ta raba musu takarda.

"Ku saurara," in ji ta. "Ranar Lahadi gudu mai sauri, amma gajere. Ranar Laraba saurin gasa, minti biyar da daƙiƙa arba'in a kowace kilomita. Sauran ranakun, minti bakwai."

Yarinyar ta ɗaga hannu. "Minti bakwai, Ustaza? Ai wannan tafiya ce."

"Gudu ne, 'yata. Idan kina yi kuma kin kasa hira da ta kusa da ke, to kin yi sauri da yawa."

Bayan sallar asuba suke fita, kafin rana ta yi zafi. Babanta ne yake kai ta unguwar Awali a mota. Akwai wata hanya a can da ta bi gefen katangun gonakin dabino. Ita da ƙawarta Sundus suke jerawa.

Wata Asabar mamanta ta bi su don ta gani. Ta tsaya a bakin hanya. Da suka zo wucewa a hankali, sai ta yi dariya.

"Wannan ne gudun da ake tashina da asuba dominsa? Ko ni da ciwon gwiwata zan kamo ku."

Wasa take yi. Amma maganar ta zauna wa yarinyar a rai.

Ranar Litinin yarinyar ta bar Sundus a baya. Washegari ma haka. Kowace rana ta zama ranar sauri a wurinta.

"Ki jira ni mana," in ji Sundus. "Yau ranar minti bakwai ce."

"Ke ki yi bakwai ɗinki. Ni gasa zan je."

Sati biyu tana jin daɗi. Ita ce take fara dawowa wurin mota. A sati na uku ƙwaurinta na hagu ya fara ciwo. Ba ta gaya wa kowa ba. A aji kuma barci yake ɗaukarta.

Sai ranar dogon gudu ta zo, kilomita talatin. Ta fita da sauri kamar kullum. A kilomita ta goma sha bakwai ƙafar ta ƙi takuwa. Ta zauna a gindin katanga, hawaye suna zuba.

Sundus ce ta iso ta same ta. Ta tsaya, ta ba ta ruwa, ta kira Ustaza a waya.

Da Ustaza ta zo, ta karɓi agogon gudun da ke hannun yarinyar. Ta duba lokutan sati ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi faɗa ba.

"Ina ranakun minti bakwai?" ta tambaya.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Kunya nake ji, Ustaza. Gani nake kamar ragwanci ne."

"A ranar sauri kina gajiyar da jiki. A ranar sannu yake gyara kansa, ya ƙara ƙarfi. Ke kin hana shi gyaran."

A asibiti likita ta ce ƙashin bai tsage ba, amma ya kusa. Ta ce babu gudu sai bayan wata guda.

Watan nan ya yi mata tsawo. Da safe tana jin motoci suna wucewa, ita tana zaune da ƙanƙara a ƙafa. Wata rana mamanta ta zauna kusa da ita.

"Maganata ce ta jawo miki wannan, ko? Ki yi haƙuri."

"La, Ummi, ba laifinki ba ne. Ustaza ta yi mana bayani. Ni ce na ƙi ji."

Da ta warke, saura wata uku gwaji. Ta fara neman Sundus.

"Na yi miki rashin kirki. Ki yafe min."

"Ya wuce," in ji Sundus. "Yalla, mu je. Akwai labarai da yawa da ban ba ki ba."

Suka koma jerawa. A ranakun sannu suna hira har su dawo. A ranar Laraba suna riƙe saurin gasa daidai, ba ƙari ba ragi. Ƙafar ba ta sake ciwo ba.

Ranar gwaji gari ya yi sanyi mai daɗi. Da aka busa usur, wasu suka fita a guje. Zuciyarta ta ce ta bi su. Ta dubi agogonta, ta tsaya a kan saurin da aka ba ta. Bayan kilomita talatin ta fara wuce waɗanda suka gaji. Ƙafafunta sun yi nauyi, amma ba su tsaya ba.

Ta gama a awa uku da minti hamsin da takwas. Sundus ta shigo bayanta da minti ɗaya. Su biyun duka sun samu shiga gasar.

A mota babanta ya tambaye ta, "To, me kika koya?"

"Na koyi bin maganar wanda ya fi ni sani, Baba. Kuma yin abu a hankali ba ragwanci ba ne."

Mamanta ta miƙo mata dabino daga kujerar gaba. "Ci ki huta. Gobe babu mai tashin kowa sai don salla."