Ƙasar da ke Ƙarƙashin Tayil

Magariba ta kawo jiki, Maman Auta tana jera faranti a kan sabon teburin falo, sai ta ji an ƙwanƙwasa. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofa, ba kowa. Aka sake ƙwanƙwasawa a hankali, daga cikin katakon da ke ƙarƙashin tafin hannunta.

Teburin nan da faɗa ta shigo da shi. Mijinta injiniya ne, shi ya zana gidan da hannunsa: bango fari fat, tayil fari, gilashi daga sama har ƙasa, kujeru biyu kamar an aro su. Ko tari ka yi sai gidan ya maido maka da abinka. Ita kuwa ta ce ba asibiti aka kawo ta ba. Ta fara da tabarmi da tukwanen ƙasa, daga baya ta gano faskaren wani tsohon icce a wurin kafinta, mai kauri, launin zuma, da kogo a tsakiyarsa. Kafintan ya ɗura wa kogon ruwan roba ya daskare kamar gilashi. Duk baƙon da ya shigo sai ya shafa ya yaba, Injiniya yana gefe yana cin magani.

Daga wannan maraice gidan bai sake zama daidai ba. Rana na faɗuwa sai dunƙulen jar ƙasa ya faɗo daga silin da ba shi da ko tsaga, ya tarwatse a kan farin tayil. A share, wani ya faɗo. Sai kuma tari, irin na tsohuwa, can ƙasa ƙasa cikin katakon. Daga nan Auta, 'yarsu tilo, ta daina magana. Sai dai a same ta durƙushe tana ƙarce robar da farce har jini ya fito. Likita ya duba bai ga komai ba.

"Ga abin da ƙauyancinki ya ja mana," in ji Injiniya. "Gida tsaf, kin kwaso mana daji."

Ta haɗiye, domin ita ma kanta take zargi. Amma maganar ta tsaya mata a rai, kullum tana ƙara ɗaci.

Ita ta nemo malam mai ruƙiyya da kanta. Ya iso rana ta yi ja, ya zauna a tabarma ya fara karatu bai ɗaga murya ba. Injiniya yana tsaye ya harɗe hannu. Karatu ya yi nisa, jikin Auta ya sandare, wata murya ta namiji mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam."

"Wane ne kai?"

"Mai gidan."

"Ga mai gidan nan a tsaye."

"Wannan? Jiya jiya ya zo."

Malam ya ce, "To an ce a cikin katako aka kawo ka. Laifin yarinya mene ne?"

"Ba kawo ni matar nan ta yi ba, dawo da ni ta yi. Iccen nan a nan ya tsiro, daidai inda teburin yake. Mijinta ne ya sa aka sare mu, ya malala siminti, ko ciyawa bai bari ba. Na haƙura na bi katakon. Sai kuma aka ɗura wa tsohuwata roba tana cikin kogon. Muddin bakinta a toshe yake, na 'yarsu ma a toshe."

Maman Auta ta juya ta dubi mijinta. Ya kau da kai.

Aljanin ya ce su bar masa gidan gaba ɗaya. Malam ya ce bai isa ba, ya koma karatu, har muryar ta fara kakari tana neman sassauci. Aka yi ta ja, aka tsaya a kan abu biyu: a fasa robar, a kuma fasa tayil ɗin falon daidai faɗin teburin, katako ya taɓa ƙasa, kafin rana ta gama faɗuwa. Aljanin ya yi rantsuwa zai fita, ba zai sake kusantar yarinyar ba.

Auta tana kwance, yatsunta duk jini, idonta ya kafe.

Injiniya ya dubi ƙasa, ya gyara murya. "Malam, tayil ɗin nan fa yanzu ba a samun irinsa. Ba zai yiwu a yi a bayan gida ba, wajen injin wuta?"

Wani abu ya tsinke a ƙirjin Maman Auta. Ba ta taɓa jin fushi irin wannan ba. Ta wuce sito ta ɗauko gudumar da magina suka bari. Ta fara da robar, ta dake ta har ta tsage, wata iska mai ɗumi ta fito da dogon nishi. Sannan ta koma kan tayil. Ta yi ta duka, ɗankwalinta ya faɗi, malam ya karɓa ya fasa simintin, har ƙanshin danshi ya cika falon. Suka tura teburin, ƙafafunsa suka sauka a kan jar ƙasa.

Babban yatsan ƙafar Auta ya karkaɗa. Ta yi atishawa, jikinta ya saki.

"Mama," ta ce, da muryarta, "hannuna zafi."

Injiniya ya durƙusa zai ɗauke ta. Maman Auta ta riga shi, ta rungume 'yarta, ta tare shi da kafaɗa.

"Bar min ita," ta ce. "Je ka tsince tayil ɗinka, wataƙila akwai mai kyau a ciki."